Yadda Mai Iyali Zai Shirya Wa Tseren Kilomita 21 Ba Tare da Ya Bar Gudun Tsauni Ba

Rabin gudun famfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Wanda ba gudu ne sana'arsa ba yakan kammala shi cikin awa biyu zuwa biyu da rabi, shirinsa kuma yakan ci mako 12 idan dama ƙafa ta saba. Wannan lissafin ba shi da wuya. Na cikin gida ne mai wuya, domin duk awar da ka yi a waje kana gudu, akwai wanda ya riƙe maka yara, ya lallashi mai kuka, ya nemo wa wani takalmin makaranta. In kuma zuciyarka na wajen turbar daji da hawan tsauni, awannin sai su ƙaru, tunda sai ka yi tafiya kafin ka kai inda za ka fara. Shi ya sa a ganina daga cikin gida ake fara zana jadawalin atisaye, sannan a nemi tseren da ya dace da shi. Zan riƙa cewa "kai", amma maganar ta magidanci ce da uwargida baki ɗaya.

Mataki na 1: Duba jikin da kake da shi yau

Mako 12 ɗin nan na wanda yake iya sassarfar minti 30 ba tsayawa ne, sau uku a mako, kuma ya kai wata guda yana yi. In ba ka kai nan ba, ƙara mako shida zuwa takwas a gaba: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, kana ƙara sassarfar kana rage tafiyar har su haɗe. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko matsalar zuciya, ko wanda ƙirji ke yi wa ciwo ko jiri ke ɗibarsa in ya motsa, ya ga likita tukuna.

Ke kuma da kika haihu kwanan nan, ƙa'idar da wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi na Birtaniya suka fitar a 2019 ta ce kada a koma gudu kafin mako 12 da haihuwa. Ko bayan nan, in fitsari na kufce miki yayin gudu, ko kina jin nauyi a ƙasan mara, ki dakata ki nemi a duba ki. Abu ne da ake magancewa, bai kamata a jure shi a ɓoye ba.

Mataki na 2: Ƙirga lokaci daga ƙofa zuwa ƙofa

Jadawalin da ake samu a intanet zai ce maka "gudun minti 45". Gidanka ba minti 45 zai rasa ka ba. Akwai sa kaya, akwai ɗumama jiki, akwai tsayawa gumi ya tsane, akwai wanka. Minti 45 ɗin nan awa ɗaya da kwata ce. Na tsauni ya fi haka: gudun awa ɗaya da rabi, da tafiyar rabin awa zuwa, rabin awa dawowa, da wanke taɓon da ya biyo ka, ka tashi da awa uku.

Ɗauki takarda ka rubuta makonka yadda yake a zahiri: lokacin fita aiki, kai yara makaranta da ɗauko su, cefane, aikin gida da malamai suka ba su, lokacin kwanciya. Sai ka nemo gurbi uku. Biyu gajeru a tsakiyar mako, kowanne awa ɗaya da 'yan mintuna, ɗaya dogo a ranar hutu. A farkon shiri jimillarsu ba za ta wuce awa huɗu ba, a makonnin da suka fi nauyi za ta kai biyar ko shida. In ka duba ka ga babu inda za su fito sai an yanko daga barci, to wannan zangon ba na kilomita 21 ba ne. Yi rajistar kilomita 10, ka ɗaga wancan zuwa lokacin da gida ya sarara.

Mataki na 3: Zauna da abokiyar zamanka kafin ka yi rajista

Nan ne akasarin shirin ke tsayuwa ko ya rushe, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Mutum zai biya kuɗin rajista, ya sayi takalmi, sannan ya shigo gida da labari. Wanda aka kawo wa labari bayan an gama yanke hukunci, ko ya yi shiru, abin yana ransa, kuma zai fito ranar da kake ɗaura igiyar takalmi yaro na zazzaɓi.

Ka zo da takardar nan, ka faɗi abin da kake nema da adadinsa. Misali: "Uwargida, akwai tseren da nake son shiga nan da wata uku. Zan buƙaci safiyar Asabar daga ƙarfe 6 zuwa 9, da Talata da Alhamis kafin yara su tashi. Ke wane lokaci kike so ya zama naki, in riƙe su?" In mace ce mai gudun: "Maigida, in ka riƙe mini su safiyar Asabar, yammacinta naka ne, ba mai nemanka." Tambayar ƙarshen nan ita ce ƙashin bayan maganar. Awa uku da ka karɓa, awa uku za ka mayar, kuma ita ce za ta zaɓi abin da za ta yi da su, ko ziyara, ko karatu, ko barci kawai. Kada ramuwar ta zama ka zauna a falo da waya a hannu yara na bin ta kicin.

Ku fayyace abu uku tun a zaman. Na ɗaya, lokacin dawowa: in ka ce ƙarfe 9, ƙarfe 9 ɗin ta same ka a gida, ko da za ka datse kilomita biyu. Na biyu, abubuwan da ke soke gudu ba gardama, kamar rashin lafiyar yaro ko daren da ba wanda ya runtsa. Na uku, abin da za ka yi bayan dogon gudu. Wannan na ukun ina so a kula da shi sosai. Wanda ya tafi awa uku, ya dawo ya miƙe a kan kujera har la'asar yana cewa ƙafafunsa sun mutu, yini guda ya ɗauka, ba awa uku ba. In dogon gudunka na kwantar da kai haka, to alama ce kana yin sa da sauri fiye da kima, ko kana ƙara nisa da wuri. Gyara gudun.

Sannan a rubuta ranakun a kalandar da kowa ke gani, tare da bukukuwan dangi da jarrabawar yara da tafiye-tafiyen aiki, don a ga inda za su yi karo tun da nisa. Wanda yake riƙon yara shi kaɗai, irin wannan zaman zai yi da 'yar'uwa ko maƙwabci ko wani mai gudun da shi ma ke da yara, su riƙa karɓa-karɓa.

Mataki na 4: Bai wa kowane gudu aikinsa

Tunda uku ne kawai, kowanne da abin da yake ginawa.

Na farko gudun sauƙi ne, minti 30 zuwa 45. Ma'auninsa baki: in kana iya yin magana jimla guda cikakkiya ba tare da haki ya katse ka ba, kana daidai. Stephen Seiler, masanin motsa jiki a Jami'ar Agder ta ƙasar Norway, ya bibiyi yadda manyan 'yan tseren dogon zango ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi. Mai ƙarancin lokaci yakan juya wannan, ya ce tunda minti 40 gare shi bari ya ƙure kansa a ciki. Sakamakon shi ne gajiya da ba ta sakinsa, da saurin fushi a gida.

Na biyu shi ne mai zafi, sau ɗaya a mako. Ɗumama jiki da sassarfar minti 10, sai ka yi minti biyar da saurin da kalma uku ko huɗu kawai za ka iya furtawa, ka sassauta minti biyu, ka maimaita sau uku. Bayan 'yan makonni ka kai sau huɗu, ko ka mayar da shi minti takwas sau uku. Mako na biye ka canza da hawa: nemi tudu ko gada mai gangara kusa da gida, ka haura da ƙarfi na minti ɗaya, ka sauko da tafiya, sau shida zuwa takwas. Wannan ne ke riƙe maka ƙafar tsauni a makonnin da ba ka samu zuwa daji ba.

Na uku shi ne dogo, a hankali, ranar hutu. In mako ya ƙi, ya zamana ɗaya kawai za ka samu, wannan za ka riƙe.

Mataki na 5: Jera makonni 12

Ga yadda dogon gudun zai riƙa hawa, da kilomita: 8, 9, 10, sai ka sauko 7. Sannan 11, 13, 14, ka sauko 10. Sannan 16, 18, ka sauko 12, mako na 12 kuma tsere. Ba dole ba ne ka taɓa cika 21 kafin ranar. Wanda ya yi 18 cikin natsuwa, hutun makon ƙarshe da taron jama'a za su kai shi sauran ukun.

Makonnin saukowar nan, na 4 da na 8, jiki ke amfani da su ya gyara abin da atisaye ya motsa, musamman jijiyoyi da ƙashi, waɗanda ba sa sabawa da sauri kamar huhu. Ga mai iyali suna da amfani na biyu: matsar da su su faɗa kan makon da ka san gida zai cika, makon biki ko na jarrabawa. In sun zo mako ɗaya kafin lokacinsu ko bayansa, ba abin da zai lalace.

Mataki na 6: Saka gudun turba a inda ya dace

Hanya mafi sauƙi ita ce dogon gudu ya riƙa karɓa-karɓa: wannan mako kwalta, mai zuwa turba. Ka samu daji sau biyu a wata, gida kuma bai rasa ka duk Asabar har hantsi ba.

A turba da agogo ake aunawa, a manta da kilomita. In jadawali ya ce 13 kuma ka san a kwalta minti 90 suke ɗaukarka, to yi minti 90 a daji, ko nawa suka kama. Hawa da duwatsu da yashi za su rage maka nisa, amma zuciya da ƙafa sun yi aikinsu. Juya a rabin lokacin, har ma ka ɗan rage in dawowar ce mai hawa. Wannan ƙa'idar ce ke sa ka cika alkawarin ƙarfe 9.

In hawa ya yi tsanani, taka da ƙafa. Ɗan sunkuya, ɗora tafin hannu a cinya kusa da gwiwa, kana dannawa kana takawa. Manyan 'yan tseren da ke zagaye tsaunin Mont Blanc na nahiyar Turai a gasar UTMB, mai nisan kusan kilomita 170, haka suke yi a wurare masu tsayi, don haka ba gazawa ba ce.

Gangara ce ke buƙatar koyo. Abin da jiki ke so ya yi shi ne ya jingina baya, ya miƙa ƙafa gaba, ya dira a diddige yana taka birki. Haka ake zamewa, haka kuma cinya ke cin duka. Gajarta taku, ka yawaita shi, ƙafa na sauka a ƙarƙashin jikinka. Sassauta gwiwa, buɗe hannuwa kaɗan su daidaita ka. Idonka ya kasance taku uku ko huɗu a gabanka, yana zaɓar wa ƙafa wuri kafin ta isa: wancan dutsen a kafe yake, wannan mai gansakuka ne a kauce masa, saiwar can a tsallake ta. Sai ka ji ƙafar ta fara yi da kanta. Ka sani kuma ciwon cinya na gangara ba ranar yake zuwa ba, yakan tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku, don haka kada ka sa gudu mai zafi a kwana biyun da ke biye.

Takalmin turba ƙasansa na da haƙora masu kama ƙasa. In turbarka busasshiya ce marar duwatsu, na kwalta ma zai yi. Inda akwai taɓo ko tsakuwa mai zamewa, na turbar ya zama dole. Kowanne yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800.

Kafin ka fita, faɗa wa na gida turbar da za ka bi da lokacin da in ya wuce ba ka dawo ba a neme ka. Waya da caji, ruwa, ɗan abin sawa a baki. Targaɗen idon sawu a kilomita shida daga titi, inda ba sabis, ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai yara a gida ba shi da hurumin yin ganganci da kansa. Sabuwar turba a bi ta da abokin gudu.

Daga mako na 8, duba irin tseren da ka yi wa rajista. In na kwalta ne, dogayen gudun 16 da 18 a yi su a kwalta, don ƙafa ta saba da dukan wuri ɗaya na awa biyu, abin da turba ba ta koyarwa. In na tsauni ne, a yi su a ƙasa mai kama da ta ranar.

Mataki na 7: Ci asuba, amma ka biya ta da dare

Lokacin da ba wanda ke nemanka a gida shi ne kafin kowa ya tashi. Jasmin Paris, likitar dabbobi 'yar Birtaniya, ta lashe tseren Spine a watan Janairun 2019, kimanin kilomita 430 cikin hunturu, a awa 83 da 'yan mintuna, ta riga maza da mata duka, tana tsayawa a zango tana tatsar nono saboda 'yarta mai wata 14. Yawancin atisayenta tun gari bai waye ba take yinsa. Abin ɗauka a labarinta shi ne lokacin da ta zaɓa, da kuma cewa mijinta, wanda shi ma ɗan gudun tsauni ne, yana riƙe da ɗaya gefen. Nisan kuwa a bar mata.

Gudun asuba da dare ake shirya shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmi a bakin ƙofa, safa a cikinsa. Riga da wando a banɗaki, don ka sa su can ba tare da ka kunna fitilar ɗaki ba. Gorar ruwa a cike, tocilan goshi da caji, makulli a aljihun wando don kada ka tsaya lalube yana ƙara. Ƙararrawar waya a mayar da ita mai girgiza, a sa ƙarƙashin matashi. Daga buɗe ido zuwa rufe ƙofa kada ya wuce minti goma, domin in ƙaramin ya ji motsi ya farka, ba gudu, kuma ka tayar wa wani da aiki. In da duhu za ka bi titi, sa riga mai ƙyalli, ka fuskanci motocin da ke tahowa.

Baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Mai tashi ƙarfe 5 ya kwanta ƙarfe 10. Wayar da ake dannawa bayan yara sun yi barci ita ce za ta biya wannan kuɗin. Daren da jariri ya hana ku barci, mayar da gudu mai zafi ya zama na sauƙi, ko ka bar shi.

Mataki na 8: Ƙarfafa jiki a tsakar ɗaki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, mai gudun turba kuwa ya fi kowa buƙata. Minti 15 sun isa: tsugunna ka tashi sau 15, taka kujera ko matakala da ƙafa ɗaya sau 10 kowane ɓangare, ɗaga diddige a bakin matakala sau 15 don sha-raɓa, tsaya da ƙafa ɗaya na rabin minti don idon sawu. Zagaye biyu ko uku. Wannan ba ya buƙatar fita, yara ma sukan shigo ciki, wani ya hau baya, wani ya riƙa ƙirga maka.

Gudun sauƙi ma ana iya yinsa da su. Babba ya bi ka a keke, ko ka zagaya fili yayin da suke wasa a tsakiya. Keken tura jarirai da aka ƙera don gudu yana da amfani a hanya mai laushi, amma sai jariri ya kai wata shida zuwa takwas, wuyansa ya yi ƙwari.

Mataki na 9: In mako ya watse

Zai watse, sau ɗaya ko biyu cikin 12. Gudun da ya wuce ya wuce, kada ka cusa shi cikin mako mai zuwa, nan ake samo ciwon ƙauri da na gwiwa. In kwana uku zuwa bakwai ka rasa, ci gaba daga inda ka tsaya. In mako biyu ne, koma baya da mako ɗaya ko biyu a jadawali, ka haƙura da 18, 16 ta wadatar.

Ƙarfin da ka tara ba ya zubewa da wuri kamar yadda ake tsoro. A farkon shekarun 1980 Robert Hickson na Jami'ar Illinois da ke Chicago ya sa mutane atisaye kwana shida a mako na tsawon mako 10, sannan ya rage wa wasu zuwa kwana biyu. Har mako 15 bayan nan ƙarfin numfashinsu bai ragu ba, muddin ba su rage zafin atisayen ba. Saboda haka a makon da ya matse, gudu biyu na minti 30, ɗaya da ɗan zafi, sun riƙe maka abinka.

Zazzaɓi ko tari mai sauka ƙirji, ba gudu sai an warke. Ciwon da ke sa ka ɗingishi, ko wanda ke ƙaruwa kana cikin gudu, ko wanda za ka iya nuna wurinsa a kan ƙashi da yatsa ɗaya, a kai shi asibiti.

Mataki na 10: Mako biyun ƙarshe da ranar tsere

Rage nisa, ka bar ɗan sauri kaɗan don ƙafa kada ta yi sanyi. A kwana goman ƙarshe ka ƙaurace wa gangara mai duwatsu, targaɗe ɗaya ya isa ya cinye wata uku. Duk abin da za ka ci ko ka sha ko ka sa ranar, ka riga ka gwada shi a dogayen gudunka. Gudun da ya haura minti 90 yana son abin da ke ba da kuzari, giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, wato kamar ayaba babba ɗaya zuwa biyu, ko jel, wato ruwan sukari mai kauri na 'yan tsere. Ruwa kuma gwargwadon ƙishi.

In iyali za su zo kallo, ka tsara musu tun jiya: wurin da za su tsaya mai inuwa, ƙarfe nawa za ka wuce ta nan, inda za ku haɗu bayan an gama, da abin da yara za su ci su sha cikin awa biyu na jira. Kada ka bar wa mutum ɗaya ɗawainiyar yara uku a cikin cunkoso ba shiri. Kilomita biyar ɗin farko ka yi su a hankali fiye da yadda ƙafa ke roƙo, domin tseren daga kilomita 15 yake fara tambayar abin da ka rage.

Bayan tsere ka ba jiki mako guda na tafiya da ƙafa da sassarfa mai sauƙi, ba dogon gudu. Asabar biyu masu zuwa na gida ne tun daga safe. Rajistar tsere na gaba kuma ta jira sai kun sake zama da takarda, an tambayi wanda ya riƙe gida wata uku ko akwai abin da shi ma yake so a riƙe masa gida ya yi.